Gilashin da ya ƙi jin rimot

A shekarata ta ƙarshe a sashen Fizik, a nan Katsina, aka ba ni aikin haɗa 'yar na'ura mai gano hasken infirared, wanda ke can bayan ja inda ido ba ya kaiwa. Sinadarin da zan yi amfani da shi ferofiskait ne. Sunan daga Rasha ya zo: a 1839 aka gano ma'adinin a duwatsun Ural, aka sa masa sunan Lev Perovski. Namu kam ba haƙo shi ake yi ba. Da dalma da aidin da wani gishiri ake haɗawa, a shafa a kan gilashi, a ɗumama a zafin digiri 100 har ya yi baƙi ƙirin.

Na haɗa shi tsaf. In na haska masa tocila, mita ta motsa. In na danna masa rimot ɗin talabijin ɗin gidanmu, wanda hasken infirared yake fitarwa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sati uku ina fama. Na canja waya, na sayo sabon batir a babbar kasuwa, na zagi wutar da ake ɗaukewa, har na fara zargin mitar.

Ranar da na kai kuka wurin malamin da ke duba aikina, ko gilashin bai taɓa ba.

"Kai, hasken rimot ɗin nan nanomita nawa ne?"

"940, ranka ya daɗe."

"To raba 1240 da 1.55."

Na raba, na samu 800, kunya ta kama ni. 1.55 ɗin nan shi ne ƙarfin da ƙwayar haske ke buƙata kafin ta tayar da lantarki a cikin ferofiskait na dalma, in aka raba 1240 da shi kuma sai a samu iyakar zangon hasken da yake iya kamawa, a ma'aunin nanomita. Zango shi ne tsawon igiyar haske, yana ƙaruwa ƙarfin na raguwa, don haka duk hasken da zangonsa ya wuce 800 ratsawa kawai yake yi. Na silikon, sinadarin da ke kama haske a kyamarar waya, 1.12 ne, yana kaiwa wajen 1100, shi ya sa kyamarar waya takan ga ƙiftawar rimot. Lissafin minti ɗaya ne, kuma yana cikin littafina tun aji biyu.

Magani akwai: a gauraya kuza da dalmar, iyakar ta matsa kusan 1000. Sai dai kuza ba ta jure iska, nan da nan take lalacewa in ba a cikin akwatin naitirojin aka yi aikin ba. Ban kai can ba.

Damina kuma ta yi mini nata karatun. Gilasan da na yi da hunturu sun daɗe da baƙinsu, na watan Agusta kuwa kwana kaɗan suka koma rawaya, don laima tana wargaza sinadarin. Sai na koma bin masu sayar da takalma ina roƙon 'yan ƙunshin da ke tsotse danshi a cikin kwali, ina zubawa a kwalba tare da gilasan. Waɗanda suka lalace ban yarda na jefa a bola ba, tunda kowa ya san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Suna nan a kwalbarsu, na liƙa mata takarda.