Hajiya mai tukwane da lissafin masu shigowa

Laraba. An kawo wuta da asuba, Auta ya tafi makaranta ba rigima. Har waƙa nake ina shara.

Bayan azahar Hajiya mai sayar da tukwane ta kira kan maganar tallan kayanta a shafina na girki, wadda muke ta ja tun kafin salla. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ke 'yar nan, mutum nawa ke shiga shafin naki a wata?" Na buɗe Google Analytics, manhajar da ke ƙirga masu shiga shafi, ga lambobi uku, kowacce da abin da take faɗa. Mai ƙibar ita ce yawan buɗe shafi, don mace ɗaya in ta duba miyar taushe, ta leƙa funkaso, ta dawo taushe, an ƙirga uku. Ta tsakiya yawan ziyara ce, wadda ke yankewa in an yi minti 30 ba a taɓa komai ba. Ƙaramar ita ce mutanen, ita ma ba tsaf ba: wadda ta shiga da wayarta ta sake shiga da ta maigida, mutum biyu ce a wurin Google.

Ƙaramar na faɗa mata. Ta yi jim, ta ce ai yaron nan mai shafin labarai nasa ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Na san wacce ya karanto mata!

Na ce, "Hajiya, don Allah ki tambaye shi daƙiƙa nawa suke yi a ciki." Sabon tsarin da Google ya mayar da kowa kansa a Yulin 2023 yana ware ziyarar da ta wuce daƙiƙa 10 ko aka buɗe shafi biyu, a matsayin wadda aka tsaya. Nasa daga Facebook suke faɗowa saboda kanun labari, su fice. Nawa matan aure ne da suka nemo girki da kansu, waya a hannu, albasa a kan wuta. Su wa za su sayi tukunya?

Ta ce ita duk ba ta gane wannan ba, a gaya mata nawa za ta biya mutum dubu su ga kayanta. Dariya ta kusa ƙwace min, don da wannan awon manyan kamfanoni ke sayen talla. Na yanka mata farashi. Ta ce za ta yi shawara da Alhaji. Mun san wannan shawarar.

Tun la'asar raina a jagule. AdSense, tsarin Google mai biyan masu shafi kuɗin talla, ba ya sakin kuɗi sai sun kai dala 100, data kuwa kullum sai an saya. Yaya ya ce in tura mata hoton garuruwan da masu karatuna suke, ta ga Kano da idonta. To, da yawansu Legas yake nunawa, saboda ta can layin waya ke bi da su. Wannan kuma da wane baki zan yi wa Hajiya bayaninsa?

Gas ya ƙare ana tsakiyar tuwo. Da gawayi na ƙarasa.