Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Raket ɗin da na karya

Satin da ya wuce na tsaya a inda Kawu ya kai ni kulob ɗin Turawa a Kaduna aikin tsintar ƙwallon tanis. To a can na fara jin sunan Bjorn Borg, ɗan ƙasar Suwidin. Wani Bature ne ya zo da kaset ɗin wasan ƙarshe na Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, na 1980, aka saka a falon kulob, mu yara muna leƙe ta taga, kawunanmu na gugar juna. Borg da McEnroe. McEnroe ɗan Amurka ne mai saurin hawa, shi ko Borg gashi har kafaɗa, ya ɗaure goshi da ƙyalle, fuskar nan ko motsi ba ta yi. Zagaye na huɗu suka yi kunnen doki, a wasan raba gardama suka ja har maki 18 da 16, McEnroe ya ɗauke, ni dai na ce shikenan an gama da shi, wallahi mutumin nan ya dawo ya ci na biyar 8 da 6, kofinsa na biyar a jere kenan tun 1976.

Kawu na bayana, ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka gani ko? Wanda ya danne zuciyarsa ya fi wanda ya danne ƙato.” Maganar nan har yau tana kunnena.

Bayan wata biyu ne abin ya faru. Mai horar da mu ya ba ni aron raket na katako, ina cin ɗan wani babba a wasa, uban ya tsaya bakin fili yana cewa ƙwallona ta fita alhali a kan layi ta sauka, ƙurar ma ta nuna. Sau uku. Na buga raket da ƙasa ya tsage. A ranar aka kore ni, ko kuɗin aikin satin ba a ba ni ba, Kawu ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri suka ƙi. Inna ta yi kuka.

Abin da ke ci min rai, sai da na tsufa jikana ya karanto min a waya cewa shi ma Borg ɗin yana yaro a garinsu Sodertalje jifa yake da raket, har kulob ɗinsu ya dakatar da shi. Amma watanni kawai, suka mayar da shi. Ya zo ya ci French Open, babbar gasar Faransa, sau 6, Wimbledon sau 5, ya ajiye wasa a 1983 yana ɗan shekara 26, kuma har gobe ana sayar da kaya da sunansa. Ni wa ya mayar da ni? Ba na ce da na zama Borg ba, amma hannuna yana da kyau, mai horarwar da bakinsa ya faɗa.

Kuma shi ma ai zuciyar ta taɓa cinsa, 1981 da McEnroe ya doke shi a New York ficewa ya yi kafin a ba da kofi. Da Kawu na raye da na faɗa masa wannan, Allah ya jiƙansa, na san cewa zai yi wanda ya danne zuciyarsa dai.

Daga kulob tasha na koma kwandasta, nan zan ɗora sati mai zuwa in Allah ya kai mu.