Shigar da hasken tauraro cikin zaren gilashi

A shekarun karatuna na digiri na uku, aikina a ɗakin gwaji shi ne tura haske cikin zaren gilashi mai hanya ɗaya, wato wanda haske ke bi ta siga ɗaya tak, irin wanda ke kai intanet. Cibiyarsa ba ta wuce maikiromita 9 ba, gashin kai ma ya fi ta kauri nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa muke shan wannan wahala, sararin dare ba baƙi ba ne ga na'urar da ke ganin hasken infirared, wanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin OH, haɗin oksijin da haidurojin, da ke wajen kilomita 87 a sama suna ta ƙyalli, har su rufe hasken taurari masu nisa. Ana iya zana tsagu a cikin zaren da lesa, su mayar da wannan ƙyalli baya, su bar na tauraro ya wuce. Sai dai tsagun ba sa aiki sai a zare mai hanya ɗaya, alhali iska ta riga ta dagula hasken zuwa hanyoyi da yawa kafin ya iso madubin hange.

Mafitar ita ce abin da ake kira fitilar fotonik, wadda aka fara ƙerawa a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005. Ka tara zaruruwa, ka gasa su, ka ja su a hankali har su narke su zama baki guda mai faɗi da hasken zai shiga ya rarrabu cikinsu. Na gane da hannuna cewa in zaruruwan sun gaza yawan hanyoyin da hasken ya shigo da su, ragowar ya salwanta ke nan. Ga kuma ƙura. Kafin kowane awo sai na goge bakin zaren da barasar gogewa, na duba shi a madubin ƙara girma, domin ɗigo guda yana cinye haske mai yawa. Ko ɗumin hannuna a kan mazaunin zaren yakan gusar da saiti, dole in ja da baya in jira allurar awo ta natsu.

Darasin da ya fi zaunar mini na GNOSIS ne, na'ura mai amfani da waɗannan tsagu da fitilar fotonik, wadda aka gwada a 2011 a madubin Anglo-Australian mai faɗin mita 3.9 a Ostireliya. Tsagun sun danne ƙyallin OH yadda ake so, amma hayaniyar lantarki ta tsohuwar na'urar tantance haske da aka jona mata ta cinye ribar, har sai da aka gina sabuwa mai suna PRAXIS musamman don wannan aiki. Tun daga nan, in ɗalibi ya nuna mini zarensa, nakan fara tambayarsa na'urar da zai jona shi da ita da irin sanyin da za a ajiye ta a ciki, domin sanyi na rage wannan hayaniya.