Rigar gwanjo mai lamba 73

Ni tela ne, shagona yana Jekadafari a cikin Gombe, kuma duk wannan wahalar da zan ba ku labari wata rigar gwanjo ce ta jawo mini ita.

A cikin sanyin Janairun 2017 na shiga kasuwa sayen zare da sitif, sai na tarar an fasa sabuwar dila. Na tsuguna ina tonawa kamar kowa, hannuna ya faɗa kan wata ƙatuwar riga ruwan ƙasa, hannuwanta da ratsin lemo da fari, gaba da baya an rubuta 73, a saman bayan kuma THOMAS. Abin da ya kama ni ɗinkin ne. Lambar ba bugawa aka yi ba, yanka ta aka yi aka ɗora, aka bi gefenta da zigizaga mai kyau, ba zare ɗaya da ya tashi. Na juya cikinta na duba, na ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Na biya naira 700 na tafi, ina ɗora ta a kan suwaita idan zan kwana a shago.

Yaron shagona ne ya fara tsokana. Ya ce, "Oga, wannan wane kulob ne? Ba Firimiya ba, ba Laliga ba." Ya ɗauki wayata ya bincika, can sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Wai rigar Cleveland Browns ce, 'yan ƙwallon Amurka, irin wadda ake sa hular kwano ana ta ture-ture, kuma kakar da suka gama a makon da ya wuce wasa 16 suka buga, ɗaya tak suka ci. Ya ce, "Oga, ko a gwanjo ma ba ka iya zaɓe ba."

Da na bar maganar a nan da na huta. Amma akwai taurin kai irin na mai bin ƙaramar ƙungiya. Ni tun tasowata Gombe United nake bi, na san zaman rana a filin wasa na Pantami, na san komawa gida ba a magana. Sai na ce bari in ga waɗannan ma su waye. Da na duba sunayen 'yan wasansu sai na ga Emmanuel Ogbah, haifaffen Legas. A watan Afrilu suka ƙara ɗaukar David Njoku da Larry Ogunjobi, su ma iyayensu 'yan Najeriya ne. Na ce to ai shi ke nan, 'yan gida ne.

Koyon wasan bai ba ni wuya ba, domin da yadi suke lissafi, ni kuwa a kan yadi nake cin abinci. Filin yadi 100 ne. Ana ba ka dama huɗu ka matsa gaba da yadi 10, in ka cika a sake ba ka wasu huɗun, in ka kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Yadi goma dai, shaddar babbar riga da 'yar ciki da wando. In ka kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6, in ka buga ta ta wuce tsakanin sanduna maki 3. Ragowar dokokin kuwa har yau akwai waɗanda sai alƙalin wasa ya jefa ƙyallensa ruwan ɗorawa ya yi bayani nake sanin an yi laifi.

Shi mai rigar tawa, Joe Thomas, aikinsa ne ya fi ɗaure mini kai. Ba ya taɓa ƙwallo. Ba ya jefawa, ba ya cafewa, ba ya cin maki. Yana tsayawa ne a gefen hagu na layin ƙartin da ke gaba, ya tare duk wanda ya taho zai kayar da mai jefa ƙwallo ta bayansa, ta inda ba ya gani. In ya yi aikinsa daidai ba mai ambaton sunansa. Na ce wannan ai shafin riga ne, ba a ganinsa, amma in babu shi wuyan riga ba ya tsayawa. Tun 2007 yake ƙungiyar, kuma tun ranar da ya fara, in dai ƙwallo na hannun Browns, ba a taɓa saka ta a wasa ba shi a fili ba. A duk shekarun nan kaka ɗaya ce kawai, ta farkonsa, suka ci wasanni fiye da waɗanda aka ci su. Masu jefa ƙwallo 20 ya tsare wa baya, ana kawo wannan ana korar wancan, shi yana nan.

Watan Satumba na 2017 ya zo mini da abu biyu. Bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki aka rufe gasar Najeriya, Plateau United suka ɗauki kofi, Gombe United suka faɗa rukuni na ƙasa. Ban gama haɗiye wannan ba Browns suka buɗe tasu kakar da Pittsburgh Steelers, aka ci su 21 da 18. Na ce ba laifi, maki uku ne, da alamar gyara.

Lokacin wasan nasu ma wani abu ne. Ƙarfe ɗaya na rana a can, shida na yamma a nan, daga Nuwamba kuma ya koma bakwai. Wato ana farawa ana kiran Magariba, ko kuma ana shirin Isha'i. In na dawo daga masallaci sai in jingina wayar a jikin kan keken ɗinki, ina taka feda ina leƙa maki. Ba kullum nake da datar kallo kai tsaye ba, yawanci rubutun abin da ke faruwa nake bi, da safe in kalli gutsattsarin a YouTube. Maƙwabcina mai shayi ya gane jadawalin. Duk Lahadi wajen goma na dare sai ya aiko da kofi, ya leƙo da kansa ya ce, "Malam, yau da nawa?" Ba ya tambayar wa ya ci.

Wasa na farko, na biyu, na biyar, na shida, duk cin su ake yi. Mai jefa musu ƙwallo a shekarar, DeShone Kizer, yaro ne ɗan shekara 21 da ya fito daga jami'ar Notre Dame. Hannu gare shi mai ƙarfi, amma sau 22 a kakar ya jefa ƙwallo a hannun abokan hamayya, ba wanda ya kai shi a duk gasar. Ni ban ga laifinsa sosai ba. In ka ɗauki yaron da ya gama koyon ɗinkin aljihu ka miƙa masa shaddar ango ranar jajibiri, in ya ɓata kai za a zaga. Kocinsu Hue Jackson yau ya cire shi, gobe ya mayar da shi, yaro ya rasa inda zai sa kansa.

Ranar 22 ga Oktoba ita ce ba na mantawa. Suna wasa da Tennessee Titans, ba wanda ya iya kai ƙwallo ƙarshen fili, sai bugun sanduna kawai. Ina cikin yi wa wani yaro kaftani na leƙa waya na ga an rubuta Thomas ya faɗi yana riƙe da hannu. Jijiyar bayan damtsensa ce ta tsinke. Sau 10,363 a jere aka saka ƙwallo a wasa yana tsaye a gurbinsa, shekara goma da ɗoriya, ranar ya fita. Na tsayar da keke. Ina sanye da rigar a lokacin, ko da yake sanyi bai shigo ba, don na mayar da ita rigar Lahadi. Aka tashi 9 da 9, aka yi ƙarin lokaci, aka ci su 12 da 9. Bai sake buga wasa ba. A watan Maris na 2018 ya yi ritaya, bai taɓa taka wasan zagayen neman kofi ba ko sau ɗaya.

Mako guda bayan nan suka je Landan, filin Twickenham, suka kara da Minnesota Vikings. Wannan ne kaɗai ya faɗo da rana a wajenmu, na sayi data na musamman, yara uku na unguwa suka zauna a benci suna kallon Turawa na dambe da hular kwano. Aka tafi hutun rabin lokaci Browns na gaba. Aka tashi 33 da 16. Yaran ba su sake dawowa ba.

A nan ne muka yi wata gardama da yaron shagona wadda har yau ba mu gama ba. Na yi masa bayanin cewa a gasar tasu ƙungiya 32 ce, ba mai faɗuwa, ba mai hawa. Wanda ya zo na ƙarshe ma shi ake ba wa damar fara zaɓar ɗan wasan da ya fi kowa cikin masu fitowa daga jami'o'i. Haka Browns suka sami Myles Garrett bayan kakar da suka ci ɗaya. Ya ce, "Oga, ai wannan gata ne! Da haka ake yi a nan da Gombe United tana nan daram." Da farko na yarda da shi. Amma da na shiga karanta abin da magoya bayansu ke rubutawa sai na ga wasunsu suna fatan a ci gaba da cin su, don kada wata ƙungiya ta riga su zama ta ƙarshe. Wannan ban iya haɗiye shi ba. Mu a Pantami, ranar da ake neman tsira, mutum har kuka yake yi, domin in an faɗi an faɗi, sai tafiye-tafiyen ƙananan filaye. Baƙin cikinmu yana da dalili. Su kuwa mai ƙungiyar kuɗin talabijin na shigo masa ko an ci ko ba a ci ba, wanda ke shan wuya shi ne mai sayen tikiti ya zauna cikin ƙanƙara, da irin su Thomas da ke ba da jikinsu. Yaron ya ce ni dai ina son wahala ne. Wataƙila.

Disamba lokacin aiki ne gare mu, ga bukukuwan aure, ga ɗinkin Kirsimeti na kwastomomina 'yan Billiri da Kaltungo. Ranar 10 ga wata suna gaban Green Bay Packers 21 da 7, saura kashi ɗaya cikin huɗu na wasan, kuma babban mai jefa ƙwallon Packers, Aaron Rodgers, yana jinya. Na kira mai shayi na ce ya dafa mini ƙwai uku da biredi, yau akwai magana. Kafin ya soya an rama. Ƙarin lokaci, 27 da 21. Ya ajiye farantin bai ce komai ba, wanda ya fi mini zafi da a ce ya yi dariya.

Na ƙarshe ranar 31 ga Disamba ne, da Steelers kuma, waɗanda suka ajiye manyan 'yan wasansu suna hutawa. Saura ƙasa da minti biyu, ana 28 da 24, damar Browns ta huɗu, yadi biyu kawai ake nema. Kizer ya zille wa masu kama shi, ya jefa wa Corey Coleman wanda ke tsaye shi kaɗai, ba kowa kusa da shi. Ƙwallon ta bi ta tsakanin hannuwansa ta wuce. Na kalli wannan guntun bidiyon ya fi sau goma. Sifili da 16. Kafin su Detroit Lions ne kawai suka taɓa yin haka, a 2008.

Abin da mutanen Cleveland suka yi bayan nan ya sa na ƙara son su. A farkon Janairu, cikin sanyin da namu na hunturu wasan yara ne a kansa, mutum wajen 3,000 suka fito suka yi jerin gwano suna zagaya filin wasan, zagayen ya ba da siffar sifili, suka kuma tara gudummawar abinci ga mabuƙata. Garin da rabonsa da kofin wannan ƙwallo tun 1964, garin da aka taɓa kwashe masa ƙungiyar aka kai Baltimore a 1996, sai 1999 aka dawo masa da wata. Kocin kuma da ma ya yi alkawari bayan kakar 2016 cewa in aka sake cin ɗaya kawai zai faɗa tafkin Erie. Ɗayan ma ba a samu ba. A watan Yuni ya je ya shiga ruwan.

Kakar 2018 suka fara da kunnen doki da Steelers, 21 da 21, sannan aka ci su a wasa na biyu. Na uku da New York Jets ya faɗo daren Alhamis, wanda a nan ɗaya da 'yan mintoci ne na daren Juma'a. Na zauna a tsakar gida kan tabarma, uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wai har yanzu mutanen nan ne?" Na ce su ne. An ɗauke wuta tun yamma, cajina saura kaɗan. Da na ga Jets sun yi 14 da nema, na kashe wayar na ce kada in rasa ƙararrawar Asuba a kan banza, na shiga na kwanta.

Bayan an idar da salla na kunna waya a ƙofar masallaci. Ashe bayan na kwanta mai jefa musu ƙwallo ya ji ciwo, aka sako Baker Mayfield, sabon yaron da suka zaɓa da ladan sifilinsu, ya juya wasan. 21 da 17. Kwana 635 rabonsu da nasara, wata 20 ina binsu ban taɓa ganin sun ci ba, ranar da suka ci ina barci.

Na wuce kai tsaye wajen mai shayi, yana hura wuta. Na tsaya a kansa ina jira ya tambaya. Ya ɗago ya ce, "Malam, yau ai ba Lahadi ba ce."