Kyankyasona ya miƙe: yadda na magance mutuwar ESP32 a lokacin tashi

Salamu alaikum 'yan uwa masu haɗa mutum-mutumi. Bayan mako uku yana durƙushewa, jiya da dare mutum-mutumina mai ƙafa shida, wanda nake kira kyankyaso, ya tashi ya taka daga bakin ƙofa har ƙarshen tabarma. Alhamdulillahi.

Kayan dai kun san su: sarbo (ƙananan injinan da ke motsa gaɓoɓi) samfurin MG996R guda 18, uku a kowace ƙafa, na ƙugu da na cinya da na ƙwauri. Allon PCA9685 (mai sarrafa sarbo) biyu, tunda ɗaya tasha 16 kawai yake da ita, wato wurin haɗa sarbo 16, na biyun na liƙe masa mahaɗin A0 da dalma ya koma adireshi 0x41, don a bambanta shi da na farko. Sai ESP32, ƙaramin allon da ke matsayin ƙwaƙwalwarsa, da batir LiPo mai sel biyu.

Ga abin da ya ci mini rai. In na ɗora shi kan gwangwanin madara, ƙafafu na reto a iska, komai lafiya lau. Da zarar na sauke shi ƙasa na ba shi umarnin miƙewa, sai ya ɗaga rabi, ya yi karkarwa, ya zube, ESP32 ta sake tashi daga farko. Na zargi kod, wato umarnin da na rubuta wa ESP32, na sake rubuta lissafin kusurwar gaɓoɓi. Na zargi wayoyin SDA da SCL na fin 21 da 22, masu kai saƙo daga ESP32 zuwa allunan, na gajarta su. Duk a banza. Abin da ya ƙara ruɗa ni, mita tana nuna bolt 6 daram. Ashe faɗuwar wutar ta ɗan ƙiftawar ido ce, mita irin tamu ba ta da saurin kama ta. Saƙon da ESP32 ke turowa kwamfuta ne ya tona asiri: wuta ce ke yi mata ƙasa.

Ku yi lissafin da kanku. MG996R ɗaya in ta cije tana iya jan amfiya 2.5 a bolt 6. Lokacin miƙewa, na cinya shida da na ƙwauri shida ke ɗaukar nauyin jiki a tare, ni kuwa na rataya su duka, har da ƙwaƙwalwar, a kan UBEC (na'urar rage wutar batir) ɗaya mai amfiya 5, ta siraran wayoyin gwaji. Ganganci ne tsantsa.

Yanzu UBEC biyu ne masu amfiya 8, kowanne da allonsa da sarbo tara. ESP32 na ware mata nata ƙaramin mai rage wuta na bolt 5, kai tsaye daga batir. Negatif ɗinsu duka a haɗe yake wuri guda, amma kada ku kuskura ku haɗa fositif na UBEC biyun. Wayar wuta ta koma mai kauri, lamba 16, kuma kowane allo na sa masa kafasito (mai ajiye 'yar wuta don cike giɓi) 1000µF tsakanin V+ da GND, wato fositif da negatif. Ku duba ƙafarsa mai alamar ragi kafin ku liƙa, in an juya shi fashewa yake yi.

A kod ma akwai gyara. Sarbo ba sa farkawa a tare yanzu, ɗaya bayan ɗaya ne da tazarar milisakan 100, miƙewar kuma na raba ta ƙananan matakai cikin sakan biyu. Fizgar nan ta farko ita ce ke kashe shi.

Sarbo biyu na cinya sun ƙone kafin in gane haka, don na ɗaura hannayensu ban tsayar da su a tsakiya ba, wato a siginar 1500µs, suka yi ta tura roba har suka yi ƙauri. Na zaga Sabon Gari ban samu irinsu ba, sai daga Legas aka aiko, kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin kayan. Wannan ya yi zafi.

Tafiyar uku-uku ta zauna: gaba da baya na dama tare da tsakiya ta hagu, sannan a juya. Sai dai a kan tayil santsi yake ja yana karkata hagu. Na yanko tsohon tib na keke wurin mai faci a Samaru zan sa wa tafin ƙafafun. Wanda ya taɓa gwada hakan, da wane gam ya riƙe muku a kan roba?