Gane Mai Buƙatar Kulawar Sassauta Raɗaɗi: Abin da Aikin Asibiti Ya Koya Mini

Likitan da ke duba marasa lafiya na yau da kullum, wanda masu hawan jini da masu ciwon sukari ke bin layi a ƙofarsa tun da sassafe, ya fi kowa damar gane mutumin da cutarsa ta wuce batun warkewa, amma kuma irin wannan mutum ya fi saurin kuɓuce masa. Aikin ya sabar mana da tambayar abin da ya kawo mutum yau, ba yadda jikinsa ya sauya a watannin baya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke buƙatar kulawar sassauta raɗaɗi, wato kulawar da ke rage wa mai cuta mai tsanani ciwo da wahala ko da cutar ba za ta warke ba, a kowace shekara, kuma kimanin kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samunta. A ganina, wani ɓangare na wannan giɓi daga teburinmu yake farawa.

Mun saba danganta wannan kulawa da ciwon daji kaɗai, alhali Scott Murray da abokan aikinsa a Jami'ar Edinburgh sun bayyana a 2005 cewa cututtukan da ba su warkewa kan ɗauki ɗaya daga salo uku. Mai ciwon daji yakan jima da ƙarfinsa, sannan jiki ya rikice cikin makonni ko 'yan watanni. Tsohon da ya raunana ko ya ruɗe yakan yi ta raguwa sannu a hankali tsawon shekaru. Wanda ya fi yaudarar likita shi ne mai ciwon zuciya ko huhu ko hanta, domin ciwon kan taso masa a ba shi gado, ya farfaɗo a sallame shi, dangi su yi ta barka da arziki, amma duk tasowar da ya yi ba ya komawa inda yake a da.

Likitocin iyali a Birtaniya, ta hanyar tsarin da Dokta Keri Thomas ta assasa a 2000, sun yaɗa wata tambaya da likita zai yi wa kansa a zuci: shin zan yi mamaki idan wannan mutum ya rasu nan da shekara guda? Wasu abokan aiki kan ƙyamaci tambayar, suna cewa ajali a hannun Allah yake, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai tambayar ba da'awar sanin gaibu ba ce, hanya ce ta tilasta wa likita ya ɗaga kai daga sakamakon gwaji ya dubi mutumin ɗungurungum. Ita kaɗai ba ta wadatarwa, kuma bincike ya nuna ta fi yin kuskure a kan waɗanda ba masu ciwon daji ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne sauya yadda nake tambaya. Idan na ce da dattijo, "Baba, yaya jiki?" amsar ɗaya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi," ko da kuwa yana haki tsakanin kalma da kalma, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Dauriya da kara ba za su bar shi ya ce komai ba. Amma idan na tambaye shi yadda yake salla, sai labarin ya fito da kansa: bara a masallaci yake yin biyar ɗin, bayan azumi ya koma yi a gida, yanzu a zaune yake yi, alwala ma sai an riƙa shi. Tsohuwa kuma nakan tambaye ta ko har yanzu ita ke yin wankanta, da yaushe rabonta da zuwa suna ko gaisuwar mutuwa a maƙwabta. Waɗannan amsoshi su ne ainihin abin da ma'aunin SPICT na Edinburgh, jerin alamomin da likitoci ke dubawa don gane mai buƙatar wannan kulawa, yake nema, wato raguwar ƙarfi har mutum ya fi rabin yini a kwance ko a zaune, dogaro da wasu, rama mai ci gaba, yawan kwanciya asibiti ba shiri, da ciwon da ya ƙi lafawa duk da magani. Mai jinya ma abin lura ce. Idan 'yar da ta saba rako shi ta fara zuwa ita kaɗai da katinsa don karɓar magani, saboda ɗauko shi a Keke Napep ya zama aiki, to ta riga ta gaya mini abin da gwajin jini ba zai nuna ba.

Gane irin wannan mutum ba yana nufin a janye masa magani ba. A wani bincike da Jennifer Temel ta jagoranta a Boston ta Amurka, wanda aka wallafa a 2010, masu ciwon dajin huhu da ya bazu waɗanda aka fara wa wannan kulawa da wuri, tare da maganinsu na asali, sun fi samun walwala, har ma matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9. Abin da ke sauyawa shi ne tsarin aikin. A nemo masa ruwan mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, tun ciwo bai kai ga hana barci ba, a rage ƙwayoyin da amfaninsu sai bayan shekaru, a koya wa masu jinya juya shi don gudun gyambon kwanciya. Sannan a zauna da iyali, bayan an tambayi mara lafiyar wanda yake so a yi maganar da shi, kafin su sayar da gona a kan wankin ƙodar da ba za su iya ɗorewa da shi ba. Nakan rubuta abin da muka tsayar a bangon katinsa, domin likitan da zai gan shi da tsakar dare ya san inda aka kwana.