Tsaga ba ta buɗewa ita kaɗai

Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniyan man fetur a nan Texas ya turo mini zanen da zai miƙa wa malaminsa. Rijiyar mai ce da aka haƙa a kwance a cikin dutsen Wolfcamp da ke ƙarƙashin yammacin Texas, ya jera gungun huda dab da juna, wato ramukan da ake hudawa a jikin bututu a tura ruwa da yashi da ƙarfi su tsaga dutse mai ya fito, kuma a hoton kwamfutarsa kowace tsaga ta miƙe sambal, tsayinsu ɗaya. Na tambaye shi ina matsin da kowace ke ɗora wa maƙwabciyarta. Ya ce, "Kawu, ai manhajar ba ta nuna matsala ba." Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin haka.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a yankin haƙar mai na Permian ba, gangar mai tana kusan dala 100, kowa yana sauri. Lissafina mai sauƙi ne: yawan tsaga, yawan fuskar dutsen da mai zai tsattsafo, yawan riba. Sai na matse tazarar da ke tsakanin gungun huda. Kuma ba jahilci ba ne, abin da ke ci mini rai ke nan. Na karanta lissafin da masani Sneddon ya yi a 1946 kan matsin da ke kewaye da tsaga a makaranta. Na san idan ruwa ya buɗe tsaga, gefunanta biyu suna danne dutsen da ke kusa, kuma wannan dannin ba ya raguwa sosai sai an yi nisa kwatankwacin tsayin tsagar daga sama zuwa ƙasa. Idan ka sa huɗu a wuri ɗaya, kamar fasinja huɗu ne a kujerar bayan tasi: na tsakiya su ke shan matsi. Tsagar tsakiya sai ta ƙuntace ta kasa karɓar yashin da zai tokare ta a buɗe, na gefe su kwashe ruwan, su yi tsawo, har su karkace suna gudun juna.

Alama ta zo mini ƙarara. Zango-zango ake tsaga rijiya, kuma duk zangon da muka gama muka kashe famfo, matsin da ya rage a rijiya yana ɗara na zangon baya, daga ƙarshen rijiya muna dawowa. Wani dattijo mai kula da famfunan ya nuna mini allon, ya ce dutsen nan yana ƙara tauri ne saboda abin da muka riga muka cusa masa. Na ce yanayin ƙasar ne. Ba shi da digiri, ni ina da shi, shi ya sa ban saurare shi ba.

Da aka zura na'urar awo bayan wasu watanni, gungun tsakiya da yawa a bushe suke.

Wani lokacin ina ce wa raina ba ni kaɗai ba ne. Binciken da aka fitar a 2011 kan rijiyoyi sama da 100 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na gungun huda ba sa ba da komai. Wayar faiba da yanzu ake shimfiɗawa a jikin bututu a ji inda ruwa ke shiga, a lokacin ba kowa ke da ita ba. Shugabanni ma sun sa hannu a zanen. Duk gaskiya ne. Amma su ba su tsaya gaban allon ba, ni na tsaya. Kuma ruwan da aka kwaso a busasshiyar ƙasa irin yammacin Texas, da tirelolin yashi, da kwanan da mutane suka yi a tsaye, babu mai dawo da su.

Na so in rubuta muku dogon jerin shawara, ku masu shigowa wannan aiki, amma abin bai kai haka ba. Kafin ka taɓa kwamfuta, ka ɗora tazararka a kan tsayin tsaga daga sama zuwa ƙasa da fensir. Idan tazarar ta gaza tsayin, to tsagoginka suna faɗa da juna, ko hoton ya nuna ko bai nuna ba. Kada ka yarda da manhaja. Ko da yake, a'a, ka koye ta sosai, domin masu kyau suna lissafa wannan matsin idan ka san inda za ka kunna shi. Ku yaran yanzu ba ku buɗe saitin ma, launi kawai kuke kallo ku tura a waya.

Ba kuma cewa nake ka faɗaɗa tazara ba. Yau kamfanoni suna matsewa fiye da yadda na yi, suna kuma samun mai, saboda suna rage yawan huda a kowane gungu, ruwa ya sha wuyar shiga, dole ya rarrabu ga kowa. Shi ma yana da iyaka, yashi yana cinye bakin hudar ta faɗaɗa tun ba a gama zango ba.

Na mayar wa yaron zanensa, na ce ya sake lissafin tsagar tsakiya da hannu. Ya ce gobe ne ranar miƙawa. Na ce ya nemi ƙarin lokaci.